Darasi Na Tara: Ranar Yankan Riɗi Tun Ranar Shuka Ake Sa Ta

Manufar Darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana fatan ɗalibi zai iya bambanta asarar da ta fi ƙarfin manomi da wadda jinkiri ya jawo, zai gane alamun nunar riɗi a gona, zai kuma iya lissafa makon yanka tun ranar da ya zuba iri.

Asara Iri Biyu

Duk shekara idan kaka ta yi a ƙasar Rijau, daga Dukku zuwa Warari har Tungan Magajiya, hirar majalisa ba ta wuce buhu nawa wane ya ɗinke, da dalilin da ya sa bai kai na bara ba. Amsoshin sanannu ne: ruwan ƙarshe ya jiƙa dami, iska ta kaɗe gona, hunturu ya sauko da wuri. Babu mai musun cewa yanayi na yin ɓarna. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa ta cinye gonaki a jihohi da dama, har da Jihar Neja. Irin wannan asara ta fi ƙarfin kowa, mai himma da malalaci duk ɗaya suke a gabanta. Sai dai akwai asara ta biyu, wadda ita ma sunan yanayi ake kira idan ana ba da labarinta, alhali manomi ne ya bar mata ƙofa a buɗe. Ita ce wadda ke aukuwa a 'yan kwanakin da ke tsakanin nunar amfani da shigarsa buhu. Iskar da ta zubar da riɗin wannan gona ita ce dai ta ratsa gonar maƙwabci, amma shi ya riga ya yanke nasa kwana biyar kafin ta zo. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, asarar nan ta biyu ana iya rage ta ƙwarai, kuma maganinta shi ne sanin ranar yanka da shirya mata tun ranar shuka. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Riɗi ya fi sauran amfanin gonarmu bayyana wannan al'amari, saboda halittarsa. Dawa takan fitar da kai ya nuna kusan lokaci guda, ta kuma iya jira a gona makonni idan tsuntsaye da dabbobi sun ƙyale ta. Riɗi kuwa yana fara fure daga ƙasan kara, wajen kwana 35 zuwa 45 bayan shuka, ya ci gaba da hawa yana fure yana ɗaura kwanso har tsawon wata guda ko fiye. Saboda haka kwanson ƙasa ya girmi na sama da makonni, ranar da na ƙasa ya bushe na tsini bai gama cika ba. Kwanson da ya bushe kuma tsagewa yake yi daga baki, ƙwayoyin su zauna a sake kamar tsaba a buɗaɗɗen ƙoƙo. 'Yar iska, ko akuyar da ta ratsa, ko hannun mai yankan kansa, kowanne ya isa ya zubar da su. Abin da ya zube kuwa ya tafi ke nan, domin ƙwayar riɗi 1,000 nauyinta wajen giram 3 ne kacal, babu mai tsince ta daga turɓaya, rabon tururuwa da kurciya ne. Ga shi kusan rabin ƙwayar mai ne, shi ya sa 'yan kasuwa ke bin ta ƙauye-ƙauye, su tara ta a manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, daga nan a fitar da ita zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Amfanin da ya haɗa tsada da saurin zubewa haka, kwana uku na sakaci sun isa su cinye wahalar wata uku.

Abin da Manoman Kanola Suka Koya

A wata nahiya mai nisa akwai wani amfani mai irin wannan hali, manomansa kuma sun daɗe suna auna asararsu suna rubutawa, don haka akwai abin ɗauka a wurinsu. Sunansa kanola. Tsiro ne dangin kabeji, mai fure rawaya da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, waɗanda sama da kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. Masana biyu a ƙasar Kanada, Baldur Stefansson na Jami'ar Manitoba da Keith Downey, su suka jagoranci gyara irinsa har mansa ya dace da girki. Irin kanola na farko ya fito a 1974, aka raɗa masa wannan suna a 1978. A yau yana cikin manyan abubuwan da manoman lardunan Saskacewan da Albata da Manitoba ke dogaro da su. Suna shuka shi a watan Mayu, su girbe daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, suna tsere da saukar sanyi kamar yadda mu muke tsere da ɗaukewar ruwa. Kamar riɗi, kanola daga ƙasa yake nuna zuwa sama, kwansonsa kuma fashewa yake yi idan ya bushe. Don haka manoma da yawa ba sa jiran ya bushe a tsaye. Sukan yanke shi da sauran ɗanyantaka, su kwantar da shi layi-layi a gona ya ƙarasa, bayan kamar mako biyu injin casa ya bi ya kwashe. Duk wanda ya taɓa yankan riɗi ya ɗaure dami ya san wannan dabara, bambancin kawai su da inji suke yi.

Babban abin da suka cim ma shi ne, sun mayar da ranar yanka abin aunawa. Shawarar da ƙungiyar masu harkar kanola ta Kanada ke bayarwa ita ce, manomi ya shiga gona ya ciro babban kara, ya ɓare kwansunansa daga ƙasa zuwa sama, idan kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin sun fara sauya launi daga kore, to lokacin yanka ya yi. A da can kashi 30 zuwa 40 ake cewa, sai gwaje-gwaje suka nuna cewa yanka da wuri haka yana rage nauyin amfani, aka ɗaga ma'aunin. Wato gaggawa ma tana da tata asarar. Jinkiri kuwa tasa ta fi muni: kwanso ya fashe, iska ta watsar, ko ƙanƙara ta faɗo ta kakkarya. Idan kuma sanyi mai daskarar da ruwa ya sauka ƙwaya tana ɗanya, koren launi kan maƙale mata har abada, alhali kanola mai daraja ta ɗaya ba a yarda koriyar ƙwaya ta wuce kashi 2 cikin 100 a cikinsa ba. Shekaru biyu sun isa misali. A 2021 fari da tsananin zafi sun rage abin da Kanada ta girba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka gwada da 2020, wannan irin asarar da ta fi ƙarfin manomi ce, babu ranar yankan da za ta hana ta. A 2019 kuwa ruwa ya yi ta jinkirta girbi, sannan dusar ƙanƙara ta sauka a Albata a ƙarshen Satumba, gonaki masu yawa suka kwana a ƙarƙashinta har shekara ta juyo, ba a kwashe su ba sai a 2020. Sama ɗaya ta rufe kowa, amma wanda amfaninsa ya nuna da wuri ya shige rumbu, ƙanƙarar a waje ta tsaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mai lauje a Rijau da mai injin da ke share ɗaruruwan hekta? Tambaya ce mai ma'ana, kuma gaskiya ne cewa injinansu da rumbunansu na ƙarfe da sababbin irinsu masu wuyar fashewa ba sa hannunmu. Amma a duba abubuwa uku da suka rage musu asara: ɓare kwanso a duba ƙwaya, ƙirga kwanaki daga shuka, da auna abin da ya zube. Sukan jefa faranti a ƙarƙashin injin casa don su ga yawan ƙwayar da ke faɗuwa ƙasa. Babu ko ɗaya cikin ukun da ke bukatar fetur ko bashin banki, ido ne da yatsa da alƙalami. Hasali ma mai ƙaramar gona ya fi su damar aiki da wannan ilimi, domin yana iya zaga gonarsa kaf kafin hantsi, yana kuma iya yanke gefen da ya nuna yau ya bar wa ɗaya gefen kwana uku.

Alamun Nuna da Yadda Ake Yanka

Riɗi ba ya ɓoye nunarsa. Fure zai ƙare a tsini, ganye ya yi rawaya ya fara zuba daga ƙasa, kara da kwanson ƙasa su koma ruwan ɗorawa. A nan ne manomi zai ɓare kwanso biyu ko uku na ƙasa da na tsakiya, daga wurare daban-daban na gonar, ban da bakin hanya kawai. Idan ƙwayar ta yi tauri ta kuma ɗauki launin irinta, fara ko ja-ja, yanka ya yi, ko da kwanson sama yana kore. Ranar da aka ga kwanson ƙasa ya buɗe baki, an riga an makara. A yi yankan da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, domin kwanso mai laima ba ya saurin zubarwa. A ɗaure ƙananan dammuna don iska ta ratsa su, a tsayar da su kai sama a jingine da juna, a kan tamfol ko dandaɓaɓɓen wuri da aka share. Bayan mako ɗaya zuwa biyu kwansuna za su buɗe, sai a kifa kowane dami a kan tamfol a kakkaɓe, a sake tsayar da shi, a maimaita bayan 'yan kwanaki. Kada a bar dammuna su daɗe a gona, akwai wani ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke taruwa a ƙarƙashinsu yana tsotse man ƙwaya, ta motse ta yi ɗaci, ga gara ga ɓera. Bayan sheƙa a shanya har laimar ƙwaya ta sauko wajen kashi 6 cikin 100, a kuma tsare shanyar daga kaji da awaki, domin kashinsu kan zo ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda saboda ita Tarayyar Turai ta tsananta binciken riɗin da ke zuwa mata daga Nijeriya.

Babbar hujjar masu jinkiri ita ce kwanson sama. Sukan ce, yaya zan yanke alhali saman bai nuna ba, ai na yi asarar abin da ke cikinsa. Mu yi lissafi tare. Mu ɗauka hekta ɗaya tana da tsirrai 150,000, kowane kwanso kuma yana ɗauke da ƙwaya 60. Idan jira ya sa kwanso biyar na ƙasa sun zubar a kowane tsiro, ƙwaya 300 ke nan, nauyinta kusan giram ɗaya, wato kashi 9 cikin 10 na giram. A ninka wannan sau 150,000, za a sami kilo 135. Ga manomin da yake fatan kilo 500 a hekta, fiye da rubu'in amfaninsa ya tafi, kuma bai ga tafiyarsa ba, tunda ƙwaya-ƙwaya ya zube. Me ya samu a madadin haka? Kwanson tsini ƙanana ne, ƙwayarsu marar nauyi ce, waɗanda suka kusa cika kuma za su ƙarasa a cikin dami ko da an yanke. Na ƙasa su suka sha ruwan marka suka ƙoshi, su ne masu nauyi a sikeli. Jiran na sama musayar mai kyau ce da marar kyau. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Lissafi Daga Baya Zuwa Gaba

Duk wannan kulawa ba za ta yi amfani sosai ba idan riɗi ya nuna a lokacin da bai dace ba, shi ya sa maganar ta koma ranar shuka. A yankinmu ruwa kan fara sauka a Afrilu ko Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da farkon Satumba, ya ɗauke a Oktoba. Ire-iren riɗin da ake shukawa kan nuna tsakanin kwana 90 zuwa 120. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida a cikin jiharmu, ita ke da alhakin binciken riɗi a Nijeriya, ta kuma fitar da ire-ire irin su NCRIBEN-01M da NCRIBEN-02M, kowanne da adadin kwanakinsa. Wanda ya shuka iri mai kwana 90 ranar 1 ga Yuni, riɗinsa zai nuna wajen 30 ga Agusta, ruwa na tsakiyar zuba, dammunansa za su ruɓe ko ƙwayar ta yi baƙi ta tsiro. Wanda ya shuka shi ranar 20 ga Yuli zai yanka wajen 18 ga Oktoba, ruwa na bankwana, rana na da ƙarfin busarwa. Wanda kuwa ya kai 20 ga Agusta, furensa zai fara a ƙarshen Satumba, ruwa ya ɗauke ya bar shi da rabin kwanso. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako uku. Don haka manomi ya fara da tambayar yaushe yake son ya yanka, ya ƙirgo baya, ya sami ranar shuka. Wannan lissafi ba ya yiwuwa da irin da aka auno a kasuwa gauraye, wani mai kwana 90 wani mai 120, domin irin wannan gona ba ta da ranar nuna guda. A nemi iri mai suna ta hannun malaman gona, a tambayi kwanakinsa, a rubuta.

A nan ne hasashen yanayi yake shigowa. A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina, da lokacin da ake tsammanin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, ana kuma fassara shi da Hausa. Wasu kan ce hasashen ba ya cika daidai, wasu kuma su ce ruwa na Allah ne, abin da aka ƙaddara sai ya faru. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma babu wadda ta hana shiri. Hasashe kirdado ne bisa awo, yana iya kuskure da mako ɗaya ko biyu, sai mai hankali ya bar wa kuskuren gurbi a lissafinsa, ya kuma riƙa sauraron hasashen kwana-kwana a rediyo idan yanka ya matso. Game da ƙaddara kuwa, malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san fari na tafe, tanadin hatsi ya tsara wa mutanen Masar. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Wanda ya bar riɗinsa ya buɗe baki a gona mako guda, bai kamata ya kira abin da ya biyo baya ƙaddara kawai ba tare da ya ga nasa hannun a ciki ba.

Uzuri mafi nauyi shi ne na hannu da na tsaro. Kaka takan zo da komai lokaci guda, gyaɗa da wake da masara da waken soya da riɗi, 'yan ƙwadago su yi tsada, aljihu kuma ya riga ya bushe tun marka. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi sassan masarautar Kontagora, har wasu gonakin ba sa zuwuwa sai da fargaba. Wannan na ƙarshe nauyi ne a wuyan hukuma, ba a kuma zargin wanda tsoron ransa ya hana shi zuwa gona. Amma ƙarancin hannu da ƙarancin kwanakin shiga gona su ne ma suka sa tsari ya zama dole. A jera amfani bisa wanda ba ya iya jira: riɗi da waken soya gaba, tunda su biyun fashewa suke yi idan iskar hunturu ta buso, gyaɗa a cire ta kafin ƙasa ta ƙeƙashe ta riƙe 'ya'yan, dawa ta zo ƙarshe. A shuka riɗi daidai faɗin da mutanen gida za su iya yankewa cikin kwana biyu ko uku, ko a raba gonar biyu a sa mako guda tsakanin shukarsu. Maƙwabta su farfaɗo da gayya, su sa ranakunsu tun ana noman farko. Riɗin da aka yanka kwansonsa a rufe ana iya ɗauko shi a ranar a tsayar kusa da gida, wanda ya buɗe kuwa a hanya zai ƙare. Tamfol da buhu da igiya a tanade su tun damina, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Kawo misali ɗaya na asarar da ta fi ƙarfin manomi, da ɗaya na wadda jinkiri ke jawowa.
2. Me ya sa kwanson riɗi ba ya nuna lokaci guda?
3. Wace alama manoman kanola ke dubawa kafin su yanka, wace ce kuma makamanciyarta a riɗi?
4. Idan ka shuka iri mai kwana 100 ranar 15 ga Yuli, wace rana kake sa ran yanka?

Aiki

A bana kowane ɗalibi ya rubuta sunan irinsa da ranar shukarsa da ranar da ya ga furen farko. Idan yanka ya yi, ya bar kunya ɗaya a tsaye, ya shimfiɗa tsumma ko buhu a ƙarƙashinta, bayan kwana goma ya auna abin da ya taru, ya kawo aji a gwada da na sauran.

Ya ku manoma, iyaye da 'yan'uwa, ruwa da iska ba a hannunku suke ba, amma ranar shuka da ranar yanka a hannunku suke. Ku rubuta ta farko, ku ƙirga ta biyu, ku shiga gona ku ɓare kwanso kafin ya ɓare kansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.